Kasaken Mimbres a intanet: hoton kayan kabari na kowa ne?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Karatu nake yi a Arizona, malaminmu ya nuna mana wani rumbun hotuna na intanet mai ɗauke da tukwanen Mimbres sama da 10,000. Mimbres mutane ne 'yan asalin Amurka na zamanin da, a kudu maso yammacin jihar New Mexico suka zauna, kuma tsakanin shekarar 1000 da 1130 suka gina kasake farare masu baƙin zane: zomo, kifi, tsuntsu, mutum. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yar hudar da ke gindin da yawa daga cikinsu. Hudawa ake yi, a kifa kaskon a fuskar mamaci, a binne shi ƙarƙashin daɓen ɗaki. To ya dace a baza hoton abin da aka tono daga kabari?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai ina goyon bayan ɗaukar hoton. Masu haƙar sata har da katafila suka riƙa yashe kufayin Mimbres, kasaken suka watsu hannun attajirai. Wani kaskon yana kulle a falon wani, ba don hoton ba mai bincike ba zai taɓa ganinsa ba. Yanzu ma zagaye kasko ake yi da kyamara ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa siffarsa ta 3D, ka jujjuya shi a waya har ka ga inda aka liƙe tsaga.

Baban Walid: Hajiya, amfanin ba a musunsa, amma wa aka tambaya? Mutanen Zuni da Hopi da Acoma, ƙabilun 'yan asalin Amurka, suna nan da ransu, kuma suna ɗaukar waɗannan mamatan a matsayin kakanninsu. A 2019 gidan tarihi na Art Institute da ke Chicago ya ɗage baje kolin kasaken saboda ba a shawarci 'yan asalin ƙasar yadda ya kamata ba. Dokar NAGPRA ta 1990, wato dokar Amurka ta kare kaburburan 'yan asalin ƙasar, ta wajabta mayar musu da gawarwaki da kayan binnewa, ƙa'idojin 2024 kuma suka ce sai da yardarsu za a nuna irin waɗannan kaya. Wanda ya ce kada a sa abu a gilashi, kana jin zai so a ɗora shi a Facebook? A ɗauka a adana, amma mabuɗin ya zauna a hannunsu.

Ɗan Fagge: Na gode Baba. To kaskon da ba daga kabari ya fito ba fa?

Baban Walid: Wannan da sauƙi. Matsalar, na hannun ɓarayi ba a rubuta inda aka tono shi ba, sai dai hudar ta ba da shaida.