Yaya Japanawa suke ɗora launi kan launi a bugun katako ba tare da ya caɓe ba?

Mai Bugun Riga, Fagge:
Assalamu alaikum. Sana'ata ita ce buga rubutu da tambari a jikin riguna, kuma a aikinmu fenti na biyu yakan rufe na farko ruf. Amma a hotunan Japan da ake bugawa da katako ina ganin launi goma ko fiye a takarda ɗaya, na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama, kuma babu wanda ya tsallake iyakarsa. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda ake yi, da kuma ko zai yiwu a nan Kano.

Malamar Zane, Gwale:
Wa alaikumus salam, Malam. Bambancin shi ne launinsu ba ya zama a saman takarda, cikinta yake shiga. Ana dama garin launi da ruwa, a shafa shi a jikin katakon da buroshi tare da ɗigon kunun shinkafa mai yauƙi, sannan a kifa takarda mai danshi a murza bayanta da wani ɗan faifai da suke kira baren, wanda aka naɗe da ɓawon gora. Murzar ce take tura launin cikin zaren takardar, kuma da yake shafin siriri ne, idan aka buga shuɗi a kan rawaya sai kore ya fito, ba tare da an sassaƙa wa koren katako ba. Yawanci akan fara da launuka masu haske, a bar masu duhu zuwa ƙarshe.

Game da iyaka kuwa, kowane katako ana yanka masa alama biyu da ake kira kento: lungu ɗaya a kusurwa, da ɗan miƙaƙƙen layi a gefe. Nan ake jingina bakin takardar a kowane bugu, shi ya sa take sauka wuri ɗaya ko sau nawa aka ɗaga ta. Da wannan dabara ce bugu mai launuka da yawa ya bunƙasa a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, a 1765, da ayyukan mai zane Suzuki Harunobu.

Marini, Ƙofar Mata:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Abin da zan ƙara, ɗana, shi ne duhun launi ba daga kaurinsa yake zuwa ba, daga maimaici ne, kamar yadda muke tsoma zane a karofi mu fitar ya sha iska mu sake tsomawa har shunin ya kama. Su ma sukan buga katako ɗaya sau biyu. Wajen 1830 wani shuɗi na Turai da aka fara haɗawa a birnin Balin na Jamus ya yaɗu a wurinsu, kuma shi ne mai zane Hokusai ya yi amfani da shi tare da shuni a shahararren hotonsa na igiyar ruwan Kanagawa.

Mai Ɗab'i, Sabon Gari:
Ni a ganina, ɗan'uwa, launi ba shi ne zai ba ka wahala ba, danshi ne. Takarda tana buɗewa idan ta jiƙa, ta tsuke idan ta bushe, don haka in danshinta ya sauya tsakanin bugu na farko da na huɗu, kento ba zai cece ka ba, layukan za su goce. Da hunturu a garin nan launin zai bushe a jikin katakon kafin ka kifa takardar. Ka jera takardun tsakanin tsofaffin jaridu masu laima, ka sa su a leda su kwana, kuma duk wadda ka buga ka mayar da ita ciki nan take. Takardarsu ta ɓawon itace ce mai dogon zare, ita ce take jure murza. Ta fotokwafi za ta yage tun a bugu na biyu, saboda haka ka nemi takardar zanen ruwa mai kauri. Ka fara da damina, da rawaya da ja da shuɗi kaɗai.