Mayar da motocin aiki zuwa gas a jihar Teksas: me doka ta ce, kuma akwai tallafi?

Dan Gwarzo: Assalamu alaikum. Ƙaramin kamfani ne a Houston mai motocin a-kori-kura ƙirar Ford, ana so a mayar da su su riƙa amfani da furofen, wato gas ɗin da muke girki da shi a gida. Akwai kayan juyi masu araha a intanet. Za a iya saya a ba kowane bakanike ya ɗaura? Kuma jiha tana ba da wani abu?

Injiniya Bala: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. A Amurka taɓa tsarin man mota ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a dokar tsaftar iska ta tarayya. Dole kayan juyin su kasance cikin waɗanda hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ta lissafa wa ainihin rukunin injinka da shekarar ƙirarsa. Buɗe bonet, akwai takarda manne mai lambar rukunin injin, ita za ka gwada da jerin nasu. Da a Kalifoniya kake, sai an ƙara da amincewar CARB, hukumar tsaftar iska ta jihar. A Teksas kuwa, hukumar Railroad Commission ce ke ba masu aikin gas lasisi, duk da sunanta na jirgin ƙasa. Wanda ba shi da lasisinta kada ya taɓa maka mota.

Tankin ya zama na mota mai hatimin ASME, ƙungiyar injiniyoyi mai tsara ƙa'idar ingancin tankuna, a ɗaura shi bisa ƙa'idar kiyaye haɗarin gas ta NFPA 58, da bawul ɗin da ke tsayar da ɗuri a kashi 80 cikin 100. Ragowar wurin na kumburin gas ne idan rana ta yi zafi. Tukunyar girki ba ta shiga wannan aiki sam.

Hajiya Rabi: Batun kuɗi, a yi hattara da tsofaffin bayanai. Rangwamen harajin tarayya na senti 50 a kan abin da ya yi daidai da galan ɗin fetur ya ƙare ranar 31 ga Disamba, 2024, don haka kada ka sa shi a lissafi sai akantanka ya tabbatar an sabunta. Teksas ta cire harajin jiha daga furofen na mota tun 2015. Tallafin kuma yana ƙarƙashin shirin rage hayaƙi na TERP, na hukumar kula da muhalli ta Teksas, TCEQ, amma ana buɗe shi zagaye-zagaye, kuɗi na ƙarewa a rufe. Ragin ƙananan motoci, wanda ya kai dala 5,000, na sabuwar mota ne. Na manyan motoci kuwa yawanci sai an lalata tsohuwar motar ko injinta. Mai tsofaffin a-kori-kura zai iya tashi a tutar babu, shi ya sa ake karanta sharuɗɗa kafin a kashe ko sisi.

Usman Bakanike: Hajiya ta yi gaskiya. Ƙarin lissafi: galan ɗin gas bai kai na fetur ƙarfi ba, sai kusan galan 1.35 ke maye gurbin ɗaya. Idan fetur dala 3 ne, gas ya wuce dala 2.20 to riba ta tafi. Nemi farashin kwangila wurin dillali, na gidan mai yana da tsada, kuma ka ce HD-5 kake so, wato furofen mai ingancin da ya dace da injin mota. Gas mara kyau yana barin wani maiƙo mai kauri a na'urar da ke mayar da shi tururi, sai mota ta fara shiƙa.

Ita wannan na'ura da ruwan lagireto take ɗumi. Ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga tiyo, sai ka ga ƙanƙara ta lulluɓe ta injin ya mutu. Sannan gas busasshe ne, yana cin mazaunin bawul. Ka ba dillalin Ford lambar VIN, wato lambar shaidar motar, ya duba ko motar ta fito da ƙarfafan bawul na gas. In babu, a riƙa auna bawul a lokacin sabis, kuma a ji matsayin garanti a rubuce.