Gonar koko a Kurmi: mu sayi tsohuwa ko mu dasa sabuwa?

Abu Hanif: Slm 'yan uwa. Ni da ƙannena biyu mun haɗa kuɗin gadonmu muna son gonar koko hekta biyu wajen Baissa, ƙaramar hukumar Kurmi a Taraba. Ƙanina ne zai zauna can da iyalinsa. An nuna mana tsohuwar gona da ta fara gajiya, ga kuma fili da sai mun share mun dasa. Wanne ya fi, don Allah wanda ya taɓa yi.

Ɗan Ikom: Wa'alaikumussalam. Ka fara shuka ayaba kafin koko, ita ce inuwarsa, ita za ku ci ku sayar kafin ya fara 'ya'ya bayan shekara uku ko huɗu. Tazarar mita uku-uku tsakanin dashe, hekta ɗaya tana ɗaukar wajen 1,100. Hunturu da ranin farko ne ke kashe dashe, in babu rafi kusa kar ka fara.

Maman Ilham: Ku dai noma masara Abu Hanif, wata huɗu kuɗinka ya dawo.

Baban Zango: Ɗana ka ji nawa. A Sefwi ta ƙasar Gana na yi abunu, wato ka share dajin mutum ka dasa in ya girma ku raba gonar biyu. Da baki muka yi, da shaidu da goro, babu takarda. Na share, na dasa, na yi feshin ruɓewar kwanso duk damina da kuɗina, matata har ciwon baya ta samu wajen ɗibar ruwa, gona ta fara bayarwa sai mai filin ya rasu, magada suka ce ba su san zancen ba, suka sayar wa 'yan galamsey, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Yanzu rami ne da jan ruwa. Shaidun kuwa ɗaya ya rasu ɗaya ya ce bai tuna ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya saka maka Baba.

Sarkin Sikeli: Baba wannan Gana ce, can ma hukumar koko ta gwamnati, COCOBOD, ke yanka farashi, nan kasuwa ce. A 2024 na sayi kilo sama da naira dubu goma, tan ya wuce dala 12,000 a kasuwar duniya.

Ɗan Ikom: Farashin ya faɗi tun tuni malam, kar ka sa yaro ya yi lissafi da kuɗin 2024. Kuma mu a ƙauye ba mu ga dubu goman nan cikakke ba.

Sarkin Sikeli: To ai ba ka busar da shi da kyau ba.

Ɗan Ikom: Kwana shida nake rufe shi a ganyen ayaba, mako ina shanya shi a rana, kai da ko wuƙar yankan koko ba ka taɓa riƙewa ba za ka koya min?

Na Tasha: Abu Hanif ka sa kurege da birai a lissafin magada, su ma suna da kaso 😂

Abu Hanif: Na gode duka, amma tsohuwa ko sabuwa?

Baban Zango: Takarda dai, da sa hannun mai unguwa da na 'ya'yan mai filin duka.

Ɗan Ikom: Ni dai a yi maganar sikelin nan tunda ya zo. A gida na auna buhu, a shago ya ragu, sai a ce an cire na danshi, an cire na buhu, an cire na datti. Wa ke duba sikelinku?

Sarkin Sikeli: Wa ke biya mana kuɗin shingayen hanya kafin mota ta kai Legas?