Dayis ɗin Lee ko na Redding: aiki ake saya ko suna?

Kawu na Texas: Salamu alaikum. Ga magana, wanda ta ɓata wa rai ya fito fili. Ga mai cika harsashinsa da kansa a nan Amurka, dayis ɗin kamfanin Lee yana yin duk abin da na kamfanin Redding ke yi. Rarar kuɗin suna kuke saya. Tiredinsu, wato zaren sukurun da ake ɗaura su da shi, ɗaya ne, 7/8-14, kusan kowane inji suna hawa. Lee ma yakan haɗo maka da mariƙin kwanso a akwati, na RCBS kuwa sai ka sake zaro kuɗi.

Auta: Kawu, a tausaya wa sabon shiga. Mene ne aikin dayis ɗin?

Injiniya: Auta, kwanson tagulla yana kumbura in an harba. Dayis ƙarfe ne mai rami da ake ɗaurawa a kan inji, ɗaya ya matse kwanson ya koma daidai, wani ya zaunar da kan harsashi. Kawu kuma, Allah ya ja zamaninka, araha ba ta ado. Dayis na gama-gari yana matse wuyan kwanso fiye da kima, sannan wani ɗan ƙwallo ya biyo ta ciki ya sake buɗe shi. Wannan kai-komo yana gajiyar da tagulla, wani lokaci ya karkata wuyan. Type S na Redding bushin ake sa masa, wato ɗan zoben ƙarfe mai matse wuyan, kai za ka zaɓi girman, ka matse iya abin da kake so. Na Forster da ke Illinois kuma yana da hannun riga na ƙarfe mai riƙe kwanso a miƙe kafin kan harsashi ya shiga. Wannan ba suna ba ne.

Kawu na Texas: Yaro, ka manta da Collet na Lee? Yana matse wuya a jikin sandar ƙarfe, babu ƙwallo, babu shafa mai. Richard Lee, wanda ya kafa kamfanin, tun 1958 ya fara wannan harka, ba jiya ba.

Injiniya: Ban manta ba Kawu, yana da kyau ƙwarai. Amma ba ya taɓa kafaɗar kwanso. Bayan harbi kaɗan kwanson zai fara shiga bindiga da ƙyar, dole ka nemi wani dayis ya tura kafaɗar baya. Da yawa na Redding suke saya don wannan. Ina arahar ta tafi?

Baban Yara: Ku biyun kowa filinsa yake karewa. Injiniya gasa yake harbi a yadi 600 zuwa 1,000, inda ƙaramar karkata ke bayyana a allo. Ni barewa nake bi a yadi 100, ba ta taɓa tambayata launin akwatina ba. Abin da ban so a Lee shi ne zoben kulle, mai riƙe saitin dayis a kan inji. Roba ce ke riƙe shi, in ka kwance dayis da gaggawa saitin yana iya motsawa. Na Hornady tsagagge ne, sukuru ke ɗaure shi ba tare da ya ci tiredi ba. Nakan sayi Lee in sauya masa zobe.

Auta: To ni da ƙaramar bindiga 9mm kawai nake da ita fa?

Baban Yara: Ƙanena, kai ba ruwanka da rigimar wuya. Nemi dayis mai zoben kabayid, wato ƙarfe mai tauri sosai, na kowane kamfani, ka ajiye canjin ka sayi sikeli mai kyau da littafin awon albarushi.

Kawu na Texas: Ban sauka ba fa. Injiniya, ranar Asabar ka zo filin harbi. Bindiga ɗaya, kwanso iri ɗaya, Auta ya cakuɗa akwatunan kada mu san na wa muke harbawa.

Injiniya: Na yarda, amma a yadi 600, ba 100 ba.