Tambaya a kan antibodin HMGCR: wane layi ne na enzayim ɗin?

Ɗalibar bincike:
Assalamu alaikum. Ina aiki a kan enzayim ɗin HMGCR, wanda ke mayar da HMG-CoA zuwa mebalonet a hanyar da jiki yake bi wajen haɗa kolestarol, kuma ina son ganin yadda yawansa yake sauyawa a ƙwayoyin hanta na HepG2, waɗanda ake raino a ɗakin gwaji, idan an ba su sitatin, wato maganin rage kolestarol. Tun da furotin ɗin na ɗan Adam yana da amino asid 888, ina sa ran ganin layinsa a wajen kilodaltan 97 (ma'aunin nauyin furotin) a Westan bulot, gwajin da ake raba furotin a jel bisa nauyinsu, a ga wanda ake nema a matsayin layi. Amma antibodin da muka saya, wato furotin da ya kamata ya kama HMGCR don a gan shi, yana fito da layi mai kauri tsakanin 50 da 55, da wani dishi-dishi can saman jel, a wurin da nake nema kuwa da ƙyar ake ganin wani abu. Shin laifin antibodin ne, ko na yadda nake shirya samfurin? Kuma da wace hujja zan gamsar da mai duba aikina cewa layin na HMGCR ne?

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki yanke wa antibodin hukunci, ki duba ko kina tafasa samfurin. HMGCR yana zaune ne a tantanin ER (wani sashe a cikin ƙwaya), ya ratsa shi har sau takwas, kuma furotin mai irin wannan gini yakan dunƙule idan ya sha zafin digiri 95, sai ya maƙale a bakin jel ya kasa sauka. Wannan dishi-dishin na sama ya yi kama da haka. Ki ɗumama shi a digiri 37 na kimanin rabin awa. Layin ƙasa kuma yana iya zama guntun enzayim ɗin ne, domin ɓangaren da ke yin aikin yana saurin yankewa daga tantani, ya fito a kusan kilodaltan 53. Ki yi komai a kan ƙanƙara, ki zuba magungunan hana yankan furotin, musamman liyupeptin, tun kafin ki fasa ƙwayoyin.

Malamar bayokemistri:
Na yarda da shawarar Malam, sai dai ko layin ya fito daidai a 97 bayan gyaran, wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin furotin masu wannan nauyi suna da yawa a cikin ƙwayar hanta. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce layin ya nuna halin da aka san enzayim ɗin da shi, kuma an yi sa'a halinsa a bayyane yake. A ruwan raino na yau da kullum, mai cikakken siram (ruwan jinin da ake ciyar da ƙwayoyi da shi), ƙwayoyin suna samun kolestarol daga waje, saboda haka HMGCR yana da ƙaranci ƙwarai, kuma ina zaton wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ba kya ganinsa. Ki mayar da su cikin siram da aka cire wa lipofurotin (masu ɗauke da kolestarol), ki ƙara sitatin da ɗan mebalonet kaɗan don kada su galabaita, ki bar su su kwana. A nan SREBP-2, furotin da ke farkawa idan kolestarol ya yi ƙaranci, zai ƙara samar da enzayim ɗin, rushe shi kuma zai ragu, sai layin gaskiya ya yi kauri sosai. Mutane da yawa sukan yi mamakin haka, amma sitatin aikin enzayim ɗin yake toshewa, yawansa kuwa hauhawa yake yi.

Daga nan sai ki ware wasu daga cikin ƙwayoyin ki ba su 25-haidiroksikolestarol, wani dangin kolestarol, tare da mebalonet mai yawa na 'yan awanni. Enzayim ɗin zai haɗu da furotin Insig, a maƙala masa yubikwitin (alamar da ke sa a rushe furotin), a rushe shi, layin ya dusashe a idonki. Idan kuma kin riga kin sa MG132, maganin da ke toshe hanyar rushe furotin, rushewar za ta tsaya. Ki jera waɗannan samfura a jel guda, ki ƙara wanda aka rage masa HMGCR da siRNA (guntun RNA da ke rage samar da furotin da aka zaɓa). Duk layin da ya zauna daram a cikin waɗannan yanayi, komai kaurinsa, wani furotin ne dabam, kuma ina roƙonki kada ki auna shi.

Ɗalibar bincike:
Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Idan antibodin ya faɗi wannan gwajin, akwai wanda aka daɗe ana dogara da shi?

Malamar bayokemistri:
Akwai IgG-A9, wanda ya fito daga ɗakin binciken Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 1985 kan aikinsu a fannin kolestarol, kuma ayyuka masu yawa kan rushewar enzayim ɗin da shi aka yi su. Yana kama ɓangaren da ke yin aikin ne, don haka zai ga cikakken furotin da kuma guntun nan na 53. Ki duba takardar antibodin da kuka saya ki ga wane ɓangare aka yi shi a kansa: idan na ɓangaren tantani ne, to layinki na ƙasa ba zai zama wannan guntun ba. Shi ma A9 ɗin, idan ya zo hannunki, ki bi da shi ta gwajin sitatin da siRNA kafin ki fara aunawa da shi.