Tafiya Montenegro daga Abuja da bizar Birtaniya: ina neman shawara

Baban Ilham, Gwarimpa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maiɗakina muna son zuwa hutu ƙasar Montenegro, kwana takwas zuwa goma, ko a watan Yuni ko Satumba, daga nan Abuja. Dukanmu muna da bizar Birtaniya mai shiga da fita, kuma mun taɓa amfani da ita. An ce mini da ita ake shiga ba sai an nemi wata ba, haka ne? Sannan wace hanyar jirgi ta fi, a wane gari ya kamata mu sauka, yaya maganar abinci da masallaci? Wani kuma ya ce mu leƙa Dubrovnik tunda kusa ne. Allah ya saka da alheri.

Mai Tikiti, Wuse:

Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar biza, amma ƙasar tana ɗaga ƙafa ga mai riƙe da bizar Shengen (bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai) ko ta Amurka ko Birtaniya ko Ailan wadda ba ta mutu ba: zai shiga ya zauna har kwana 30, da sharaɗin kada zaman ya wuce ranar da bizar za ta ƙare. Kowa da tasa, bizar miji ba ta ɗaukar mata. In bizar tana cikin tsohon fasfo, a riƙe fasfo biyun. Ƙasar tana neman shiga Tarayyar Turai, shi ya sa take yawan gyara dokokin bizarta, don haka kafin ka biya kuɗin tikiti ka buɗe shafin gwamnatinsu, gov.me, ka duba abin da aka rubuta game da Najeriya, ka buga shi a takarda. Takardar nan a filin jirgin Abuja za ta fi yi maka amfani, domin ba kowane ma'aikacin kanta ne ya saba ganin mai zuwa Podgorica, babban birnin ƙasar, ba, kuma in ya yi kokwanto shi ne zai hana ka hawa.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne hanyar jirgi. Za ka ga tikiti mai sauƙi ta Frankfurt ko Paris, kada ka taɓa. Najeriya tana cikin ƙasashen da ake nema wa bizar ya-da-zango a filayen jiragen Shengen ko da mutum ba zai fita daga filin ba, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai bizarta ba ta ɗauke wa mutum wannan sharaɗi. Hanyarku ita ce Turkish Airlines: Abuja zuwa Istanbul kusan awa bakwai, Istanbul zuwa Podgorica ƙasa da awa biyu. A saya tikiti ɗaya tun daga Abuja har Podgorica, ta yadda kaya za su wuce kai tsaye. In aka raba tikitin gida biyu, dole a fita a ɗauki kaya a Istanbul, fitar kuwa sai da bizar Turkiyya. Ana iya bi ta Landan tunda kuna da bizar can, sai dai zagaye ne.

Dubrovnik ku cire shi daga lissafi. Yana cikin Kuroshiya, ita kuwa ta shiga Shengen ranar 1 ga Janairun 2023, a bakin iyaka za a sauke ku daga bas. In kuna son ƙara ƙasa ta biyu, Albaniya ce: tana karɓar bizar Birtaniya mai shiga da fita wadda aka riga aka yi amfani da ita a can Birtaniyar.

Ku riƙe shaidar kama otal, tikitin dawowa, inshorar lafiya ta tafiya da katin rigakafin shawara. Kuɗinsu yuro ne duk da ba sa cikin Tarayyar. Ku canza a Zone 4 kafin ku tashi, ku nemi 'yan hamsin da ashirin da goma, domin manyan takardu wahalar canji gare su a ƙananan shaguna. Katin naira kada a dogara da shi shi kaɗai.

Maman Khalil, Rayfield:

Baban Ilham, tunda da iyali za ka, ka saurare ni kan masauki. Kowa Budva da Kotor yake ambata saboda hotunansu ne suka cika intanet, amma Budva garin gidajen rawa ne da kiɗa har tsakar dare, kuma a wannan ɓangaren gaɓar teku samun masallaci da wuya. Ku yi zangonku na farko a Ulcinj, can kudu kusa da iyakar Albaniya. Yawancin mutanen garin Albaniyawa ne Musulmi, garin ya zauna a hannun Daular Usmaniyya daga 1571 zuwa 1880, ana kiran salla a fili, akwai ma masallaci a bakin ruwa da ake kira Masallacin Matuƙa Jirgi. Mace mai hijabi ba abin kallo ba ce a can. Daga Ulcinj zuwa Bar tafiyar kusan minti arba'in ce. A can akwai babban masallacin Selimiye kusa da tsohon gari, da wata bishiyar zaitun da aka ƙiyasta ta haura shekara 2,000. A Podgorica kuma masallatai biyu ne a tsohuwar unguwar Stara Varoš, in Juma'a ta riske ku a can.

Bakin ruwan Velika Plaža ya kai kilomita 12, yashi ne ba tsakuwa ba, in kuka matsa gaba za ku sami wurin da babu cunkoso. Amma kada ku bari direba ya kai ku wurin shaƙatawar tsibirin Ada Bojana ba tare da kun tambaya ba, akwai ɓangaren masu wanka tsirara. Akwai kuma wani ƙaramin bakin ruwa na mata zalla kusa da gari, ga maiɗakinka.

Abinci yana son lura. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar Musulmi ne, amma a Kotor da Cetinje da Žabljak naman alade ne abin alfahari, musamman busasshen nan da ake kira pršut, wanda ake yankawa siriri-siriri a kawo a faranti ɗaya da cuku a matsayin tarbar baƙo. Ku haddace waɗannan: svinjetina alade, piletina kaza, junetina naman sa, jagnjetina rago, riba kifi. Ka ce wa mai kawo abinci “bez svinjetine”, wato banda alade. Ćevapi, niƙaƙƙen naman da ake gasawa kamar yatsu, a Ulcinj na sa ne, amma a wasu garuruwan ana haɗa shi da alade, sai an tambaya. Akwai kuma abincin da ake naɗe pršut a cikinsa ko da sunan naman maraƙi aka rubuta, duk abin da ka ga “njeguški” a sunansa ka bar shi. A garuruwan da kuke shakka ku tsaya kan gasasshen kifi, burek na cuku (gasasshen ƙullin fulawa mai cuku a ciki), da kačamak, wato tuwon masara da dankali da aka tuƙa da cuku da man shanu, mai riƙe ciki sosai. Yaji babu shi a girkinsu, ka sa Hajiya ta ƙulla nata a jaka.

Injiniya, Kubwa:

Abin da ba a ambata ba, kuma shi ya fi jawo tara: rajistar zama. Doka ta ce baƙo ya yi rajista cikin awa 24 da shigarsa. Otal yana yi maka da kansa, shi ya sa ake karɓar fasfo a kanta. Matsalar tana gidajen haya da ake kamawa ta Booking ko Airbnb. Wasu masu gidan ba sa yi saboda gudun haraji, kai kuma ba ka sani ba sai ranar fita jami'in iyaka ya duba kwamfuta ya ga babu inda aka rubuta ka kwana. Da isarku ka tambayi mai gida ko ya yi “prijava”, ka ce ya ba ka rasit. In ya yi ta kame-kame, ɗauki fasfo da cikakken sunansa da adireshin gidan ka je ofishin yawon buɗe ido na garin, Turistička organizacija, ka biya harajin, kimanin yuro ɗaya kowane dare ga babban mutum. In kun sauya gari, sabuwar rajista. Rasit ɗin duka a ajiye cikin fasfo har a fita.

Na biyu, kada taswira ta ruɗe ka. Faɗin ƙasar murabba'in kilomita 13,812 ne kawai, mutanenta dubu ɗari shida da 'yan kai, amma kusan duk duwatsu ne, yawancin titunan kuma hannu ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa. Kilomita sittin sai ta cinye awa ɗaya da rabi. Podgorica zuwa Kotor a bas awa biyu zuwa biyu da rabi, zuwa Ulcinj kusan biyu, zuwa Žabljak biyu da rabi. Saboda haka masauki biyu ya isa, uku in an matsa: dare huɗu Ulcinj, uku a gaɓar Kotor, biyu a Žabljak in kuna son ganin tsaunukan Durmitor da kwazazzabon kogin Tara, mai zurfin mita 1,300. Podgorica kanta ba ta buƙatar fiye da yini.

A bas ana biyan direba kusan yuro ɗaya a kan kowace jakar da ta shiga but, ban da kuɗin tikiti, a riƙe tsaba. In ka sayi tikiti ta intanet ka buga shi a takarda, wasu tashoshin ba sa karɓar na waya. Babu Uber a ƙasar. A filin jirgi a tsayar da farashi kafin a shiga tasi, tsakanin filin da gari kilomita goma sha ɗaya ne ko sha biyu. Layin waya na baƙi akwai a One da m:tel da Telekom, da data mai yawa, ana saya da fasfo. Soket ɗinsu mai baki biyu zagayayye ne, namu mai uku ba ya shiga, a sayi adafta biyu tun daga Banex. Sayayyar Lahadi a yi ta tun Asabar, domin tun 2019 aka saba rufe manyan shaguna ranar.

Baban Ilham, Gwarimpa:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Dubrovnik na haƙura. Saura biyu: in ɗauki hayar mota ko in tsaya kan bas? Kuma Yuni ko Satumba?

Direban Tilde, Jos:

Alhaji, Satumba, musamman rabinsa na biyu. Ruwan teku ya fi na Yuni ɗumi saboda ya sha ranar bazara, 'yan makaranta sun koma, kuɗin ɗaki ya sauka. Ga maganar salla: a ƙarshen Yuni asuba wajen ƙarfe uku take, isha kuma sai bayan goma na dare, mai yawo da rana zai ji jiki. A duka watannin biyu agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Yuli da Agusta kada a ma soma, Podgorica tana taɓa digiri 40, hanyar Budva zuwa Kotor kuma takan tsaya cak.

A kan mota ra'ayina rabi da rabi ne. A gaɓar teku bas ya wadatar, wurin ajiye mota a Kotor ma fitina ne. Amma Durmitor ba ta ganuwa da kyau sai da mota, don haka ka ɗauka na kwana uku kawai. Ka nemi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa daga hukumar kiyaye haɗurra kafin ka tashi, ka haɗa da na gida. Yawancin motocin hayar masu giyar hannu ne, mai otomatik sai an kama da wuri kuma ta fi tsada. Kamfanonin suna riƙe kuɗin ajiya a kati mai sunan direba, ka tambayi nawa ne tun kafin ka biya. Ka ɗauki bidiyon motar zagaye ɗaya, har da tayoyi da gilashi, a gaban mai ba ka makulli. Fitilar gaba a kunne take dare da rana, doka ce, 'yan sanda kuma suna tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar ƙauyuka inda iyakar gudu take sauka zuwa kilomita 50 a awa. Ba a shiga Albaniya da motar haya sai da izinin kamfani a rubuce da takardar inshorar ƙetare.

Akwai wata tsohuwar hanya da ke hawa daga Kotor zuwa dutsen Lovćen, mai kwana 25 masu kaifi. Wanda ya saba da Hawan Kibo ya ɗauka ya ninka shi, ya kuma matse titin har mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe. Manyan bas-bas na 'yan yawon buɗe ido suna bin ta, in kun haɗu a kwana kai ne za ka ja da baya. In za ka bi, ka fita kafin ƙarfe takwas na safe, a saukowa kuma ka sa giya ta biyu, kada ka ɗora ƙafa kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. In hannunka bai faɗa da irin wannan ba, ka bar wa direban gari.

Shi ma hawan ganuwar Kotor da sassafe ake yi. Matakala kusan 1,350 ne, babu inuwar kirki, duwatsun sun goge suna santsi, takalmi mai kama ƙasa ake sawa ba silifas ba, da gorar ruwa kowa. Daga tara na safe manyan jiragen ruwa suke sauke dubban mutane cikin tsohon garin, zuwa yamma su kwashe su. Žabljak kuma tana sama da mita 1,400, ko a Satumba dare na da sanyi, ku tafi da rigar sanyi mai kauri. Lambar gaggawa 112.