Tsofaffin faya-fayan da ake sake bugawa a CD: yaya ake gane na halal, kuma sautinsu ya kai?

Mai Garmaho ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka daɗe a harkar faya-fayai. Sha'awata ita ce kiɗan Najeriya da na sauran Afirka ta Yamma na shekarun 1970, kuma kowa ya san faifan garmaho na asali na wancan zamani ya yi wuyar samu, wanda aka samu kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Saboda haka sai na koma sayen waɗanda aka sake bugawa a CD. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, sai ka ga kundi ɗaya ya fito iri biyu: ɗaya da ɗan littafi mai kauri da hotuna da tarihin makaɗan, ɗaya kuma da 'yar takarda guda, amma dukansu sun rubuta cewa an sake tace sautin. Na fi ganin haka a faya-fayan mawaƙi William Onyeabor na Enugu, wanda masu sayarwa a intanet ke tallata kayansa iri-iri. Ta yaya mai saye zai gane wanda aka buga da izini? Kuma shin wanda aka buga da izini lallai ne ya fi ɗayan daɗin sauti, ko kuwa takarda kawai ake sayar mana?

Tsohon Ma'aikacin Situdiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyinka biyu ne, kuma ya kamata a raba su, domin izini daban, sauti daban. Zan ɗauki ta sauti, wadda ita ce na fi sani.

Shi faifan CD, tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana iya ɗaukar duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, har ma da ɗan ƙari, don haka in ka ji sauti ya lalace, ba laifin CD ba ne. Laifin yana wajen abin da aka kwafo daga gare shi. Mafi daraja shi ne uwar tef, wato zaren da aka haɗa sautin a kansa a situdiyo kafin a yanka faifan garmaho. In an same ta da lafiyarta, CD ɗin da aka yi daga gare ta zai iya fin faifan asali tsabta, musamman da yake faya-fayan da aka buga a Legas a wancan lokaci ba duka ne aka yi da roba mai kyau ba. Kyakkyawan misali shi ne jerin Éthiopiques, wanda Francis Falceto ya fara fitarwa a kamfanin Buda Musique na Faransa a 1997: an gano uwayen tef na kamfanin Amha Eshete na Addis Ababa a ajiye a birnin Atina na ƙasar Girka, shi ya sa waƙoƙin Habasha na wajen 1970 suka fito garau kamar jiya aka ɗauke su.

Amma irin wannan sa'a ba kullum ake yin ta ba. Zafi da laima suna cin tef, kuma wasu nau'o'in tef na tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980 suna yin danƙo idan sun tsufa, har sai an gasa su a tanda ta musamman a zafin da ya ɗan haura digiri 50 a ma'aunin Celsius na tsawon sa'o'i kafin a iya kunna su. Wasu kamfanoni kuma sun riƙa goge tsohon tef su ɗauki sabon aiki a kansa saboda tsadarsa. Ko a Amurka, gobarar da aka yi a ma'ajiyar kamfanin Universal a 2008 ta cinye uwayen tef masu ɗimbin yawa. To idan uwar tef ta ɓata, sai a nemi faifan garmaho mafi tsabta a kwafo daga gare shi, kuma babu abin kunya a nan, da yawa daga cikin tarin kiɗan Afirka da ake yabawa haka aka yi su. Abin da ke bambanta aiki da aiki shi ne hannun da ya yi shi. Mai kula zai wanke faifan, ya zaɓi allurar da ta dace da ramin, ya tabbatar gudun injin daidai yake, sannan ya bi ƙas-ƙas ɗin ɗaya bayan ɗaya ya cire. Mai gaggawa kuwa zai sa manhajar rage hayaniya ya murɗa ta har ƙarshe, sai hayaniyar ta tafi ta tafi da rabin kiɗan: ƙarar kuge ta dusashe, muryar mawaƙi ta zama kamar daga cikin randa take fitowa. Ni a wurina, ɗan shuu da ya rage a bayan waƙa alama ce mai kyau, domin yana nuna ba a wuce gona da iri ba.

Akwai kuma wata illa da ta yaɗu tun daga shekarun 1990, wato matse sauti don ya yi ƙarfi, ta yadda wurin da ya kamata kiɗa ya lafa da wurin da ya kamata ya tashi duk su zama ɗaya. Wannan manyan kamfanoni masu cikakken izini ma suna yin sa. Shi ya sa nake cewa rubutun da ke bayan faifai na cewa an sake tace sauti ba shaida ba ce ta komai. Abin da za ka nema a cikin ɗan littafin shi ne a faɗi daga me aka kwafo, da sunan injiniyan da ya yi aikin, da situdiyon da aka yi shi.

Lauya 'Yar Zariya ta amsa:

Na gode wa Malam da wannan bayani, ni kuma bari in ɗan taɓa ɓangaren doka. A kowace waƙa da aka ɗauka akwai haƙƙi biyu. Na farko na ɗaukar sautin ne, wanda galibi yake hannun kamfanin da ya biya kuɗin situdiyo, na biyu kuma na ƙirƙirar waƙar ne, wanda yake na mawaƙi ko marubucinta. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, na farko yana ƙarewa bayan shekara 50 da fitowar faifan, na biyu kuwa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ka ɗauki Onyeabor ɗin da ka ambata: faya-fayansa sun fito tsakanin 1977 da 1985 a kamfaninsa na Wilfilms, ya rasu a 2017, ke nan magadansa suna da sauran haƙƙi na dogon lokaci. Kamfanin Luaka Bop na New York ya sha dogon zarya kafin ya samu amincewarsa, sannan ya fitar da tarin waƙoƙinsa a 2013. Duk wani bugu na zamani da bai ambaci wannan kamfani ko Wilfilms a matsayin mai ba da lasisi ba, ya cancanci a yi masa kallon tuhuma.

Tsakanin halal da satar fasaha akwai wani rukuni na uku da ke rikita mutane. A Tarayyar Turai an tsawaita kariyar ɗaukar sauti daga shekara 50 zuwa 70 a 2013, amma ba a dawo da abin da ya riga ya fita daga kariya ba, wato abin da aka fitar kafin 1963. Shi ya sa za ka ga ƙananan kamfanoni a Turai suna buga tsofaffin faya-fayan jaz na shekarun 1950 da araha, doka ba ta hana su ba, amma ba su da uwar tef, sau da yawa ma daga CD ɗin wani suka kwafa. Ga halascin a takarda, sautin kuwa sai yadda ta yiwu.

Wata wahala ta musamman ga kayan Najeriya ita ce gano mai haƙƙin ma kansa. Kamfanonin ƙasashen waje irin su EMI da Decca da Polygram, waɗanda suka ɗauki yawancin kiɗan wancan zamani, sun janye daga ƙasar, kayansu suka koma hannun kamfanonin cikin gida, kuma yarjeniyoyi da yawa ba a rubuta su yadda ya kamata ba tun farko. Don haka kamfani na iya biyan lasisi da zuciya ɗaya, amma ko kwabo bai kai ga makaɗan da suka buga gangar ba.

Ɗan Kasuwar Kaset ya amsa:

Hajiya, da girmamawa, ina ganin akwai gefen da ba a duba ba. Ban zo kare ɓarayin fasaha ba, amma ya kamata a faɗi gaskiya cewa waƙoƙi da yawa ba don masu kwafi ba da yanzu babu su. Ƙungiyar Orchestra Baobab ta Dakar ta ɗauki wasu waƙoƙi a 1982, masu kwafi suka yi ta yaɗa su a kaset ba tare da izini ba, har lokacin da kamfanin World Circuit na Landan ya buga su bisa ƙa'ida a 1989 sai ya sa wa faifan suna Pirates Choice, wato zaɓin ɓarayin fasaha, don nuni ga waɗannan masu satar. Da aka sake fitar da shi a CD biyu a 2001, karɓuwar da ya samu ce ta taimaka ƙungiyar ta sake haɗuwa bayan ta watse shekara da shekaru.

Mu dawo gida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Wa ya zauna ya nemo tef na asali na waƙoƙinsu, ya tace, ya buga da ɗan littafi mai tarihi kamar yadda Malam ya bayyana? Abin da ke hannun jama'a, kusan duka, kwafin kwafi ne: daga rediyo ko faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan zuwa CD, yanzu kuma zuwa katin waya. Za ka ji waƙa ɗaya tana gudu a wani kwafin tana jan ƙafa a wani, kalangu ya shige cikin amshi ba ka iya raba su. In aka ce kada a saurari sai mai lasisi, ai an raba mutane da mawaƙansu ke nan. Kuma a lissafin da kika kawo, haƙƙin waƙoƙin Shata yana nan har 2069, to magadan ne ke asara, mai saurare ma yana asara.

Lauya 'Yar Zariya ta sake amsawa:

Alhaji, ban musa maka ba a kan kayan da babu wani bugu nasu na halal a kasuwa. Inda muka rabu shi ne inda na halal yake akwai, wani ya kwafe shi, ya kwaikwayi bangonsa, ya sayar a matsayin na gaske. Wannan bai adana komai ba, ya dai ci gumin mawaƙan ne, ya kuma karya gwiwar kamfanin da zai so ya sake kashe kuɗi a kan wani tsohon kundi. Misalin Baobab ɗin ma yana tare da ni, domin makaɗan ba su ga amfanin farin jinin waƙoƙinsu ba sai da bugun halal ya zo.

Tsohon Ma'aikacin Situdiyo ya ƙara da cewa:

Maganar Alhaji ta tuna mini da Mamman Sani na Yamai, mai kiɗan organ wanda mutanen Nijar suka saba jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Ya ɗauki kundinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978, ya fito a kaset kaɗan, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya sake fitar da shi da yardarsa. Ana jin alamun tsufan tef a ciki, amma mai kiɗan ya san da zancen, kuma yana da kasonsa. Ke nan aiki na halal yana yiwuwa ko da abin da ya rage kaset ne, kuma babu abin da zai hana a yi wa mawaƙan Hausa irinsa.

Ga Malam mai tambaya, akwai gwaje-gwajen da za ka iya yi da kanka. Ka juya faifan: wanda aka buga a masana'anta cikinsa farin azurfa ne, wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kuma ana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. Ka duba zoben da ke kusa da ramin tsakiya a cikin haske: tun daga 1994 masana'antun da ke bin ƙa'ida suna sa ƙananan lambobi masu farawa da haruffan IFPI (sunan ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta duniya), ɗaya na inda aka yi uwar faifan, ɗaya na injin da ya buga shi, masu jabu kuwa sukan bar wurin fayau ko su kankare. Rashin lambar ba hujja ba ce a kan faifan da aka buga kafin wannan shekara. Sai ka nemi lambar kundin a shafin Discogs, inda masu tara faya-fayai ke sa wa bugun da ba shi da izini alama. Na ƙarshe, ka kwafe waƙa ɗaya zuwa kwamfuta ba tare da matse ta ba, ka buɗe ta da manhaja irin su Spek ko Audacity, waɗanda ke zana hoton sauti. In ka ga an yanke saman hoton a miƙe kamar da reza a wajen kilohaz 16 (ma'aunin kaifin sauti ke nan), tun daga farkon waƙar har ƙarshenta, to kusan tabbas daga MP3 aka ɗauko ta aka zuba a CD. Tsohon tef ko faifai shi ma yakan rasa sautin sama, amma nasa a hankali yake dusashewa, ba ya yankewa a layi ɗaya.